Ina Ya Kamata Doguwar Waya Ta Zauna? Jagorar Haɗa Kayan Sauti a Gida

Duk wanda ya sayi kayan sauti a kasuwar Sabon Gari ko shagunan PZ ya kai gida, abu na farko da zai tarar shi ne wayoyin da aka sako cikin kwali ba su kai inda yake so ba. Masu ƙera kayan ƙaramin falo suka yi wa lissafi, inda talabijin da amfilifaya da lasifikoki ke jere a jikin bango guda. Zamanmu kuwa ba haka yake ba. Falon gidajen malaman Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru yana da faɗi, magidanci a Hayin Dogo ko Muciya yana so karatun tafsiri ya kai tsakar gida da azumi, ko a ji sauti har zaure ranar suna, mai gidan kallon ƙwallo kuma yana so na bencin ƙarshe ya ji mai sharhi kamar na gaba. Sai a koma kasuwa a sa a yanko mita goma ko ashirin, a jona, a kunna, sai ga gurnani yana fita ƙarƙashin kowace murya. Galibi kayan ake ɗora wa laifi, ko a ce wayar ce mai araha. Ni a ganina laifin yana wurin da aka sa tsawon. A gidan da ke shan wutar Zariya, tsawo na wayar lasifika ne, ita kuwa wayar da ke tsakanin na'ura da amfilifaya a bar ta gajeriya iyakar yadda za a iya. Akwai lokacin da ake juya wannan ƙa'ida, amma da sharaɗi, kuma kayan gida kaɗan ne suka cika shi.

Wayoyin nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da yake a baki duk waya ake ce musu. Ta farko, mai kawuna ja da fari da ake sokawa bayan dikoda ko DVD ko kwamfuta, sigina kawai take ɗauka. Kan nan nata kamfanin RCA na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1930 don haɗa garmaho da rediyon da ke kusa da shi, ba don a ja shi daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Abin da ke bi ta cikinta bai fi bolt 2 ba a lokacin da sauti ya kai ƙololuwa, a wuraren da murya ta yi ƙasa kuwa 'yan dubbai ne na bolt guda. Ta biyu ita ce mai fita daga amfilifaya zuwa lasifika, kuma ƙarfi take ɗauka: amfilifaya mai wat 50 a kan lasifika mai om 8 tana tura bolt 20 da amfiya biyu da rabi. Sigina raɗa ce a tsakiyar kasuwa, duk hayaniyar da ta ratsa sai ta haɗu da ita, sannan amfilifaya ta ɗauki raɗar da hayaniyar ta ninka su tare sau ashirin ko talatin, don ba ta san wanne ake so ba. Abin da ya shiga wayar lasifika kuwa ya makara, babu mai ninka shi a gaba. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa doguwar wayar sigina tana shanye siririn sauti, murya ta dushe. Da gaskiya a ciki, amma an fi ba ta girman da ba ta kai ba. Kowace waya mai sulke tana riƙe ɗan caji tsakanin zaren tsakiya da sulken, kimanin fikofarad 100 a mita guda, kuma yawan ɓarnar da hakan zai yi ya dogara ne ga ƙarfin na'urar da ke tura siginar. Idan juriyar mafitarta om 600 ce, kamar yadda take a yawancin dikoda da DVD ko ma ƙasa da haka, to da waya mai mita 10 sauti ba zai fara raguwa sosai ba sai wajen kilohaz 260, alhali kunnen yaro mai ƙoshin lafiya ma a kilohaz 20 ya tsaya. Sai an samu na'ura mai rauni, mai juriyar om 10,000, aka ja mata mita 20, sannan raguwar za ta sauko wajen kilohaz 8, inda kowa zai ji. Wanda ya gaji garmaho da faya-fayai shi kam ya bar wayarsa a mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ga sauran jama'a, dushewar murya ba ita ce barazanar ba.

Barazanar ita ce gurnani, kuma daga wutar gida yake zuwa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙarar nan mai kauri da ake ji a lasifika kaɗawar nan ce ta samu ƙofa. Ƙofar ita ce sulken wayar RCA, domin aiki biyu aka ɗora masa: shi ne kariya daga hayaniyar waje, shi ne kuma hanyar da sigina ke komawa. Idan dikoda tana soket ɗin falo, amfilifaya kuma tana soket ɗin wani ɗaki, ƙasan su biyun ba ya zama daidai, sai ɗan lantarki ya riƙa gudana ta cikin sulken daga wannan zuwa wancan. Gwargwadon tsawon sulken, gwargwadon abin da zai tara, kuma kashi ɗaya cikin dubu na bolt ya isa a ji shi da dare idan gari ya yi tsit. A ƙasashen da wayarin gida ke bin ƙa'ida ma ana fama da wannan, balle a unguwannin da gida ɗaya ke shan wuta daga wurare uku, layin Kaduna Electric da janareto da inbata mai sola, ga soket mai ƙafa uku da sau da yawa ƙafar ta ukun ba a haɗa ta da komai ba. Wanda ya taɓa jikin dikoda ya ji tana ɗan jan sa, to wataƙila alama ce cewa atin ɗin gidan, wato haɗinsa da ƙasa, babu shi ko ya lalace. Cajar kwamfuta mai araha da ƙananan inbata suna ƙara tasu tsuwar a kai. Doguwar wayar RCA a irin wannan gida gayyatar matsala ce.

Ita wayar lasifika matsalarta guda ce, juriya, kuma ana iya lissafa ta da biro a bayan rasit. Ƙa'idar da masu aikin sauti suka daɗe suna bi ita ce kada juriyar waya, zuwa da dawowa, ta wuce kashi 5 cikin 100 na juriyar lasifika. Ga lasifika mai om 8 ke nan kada ta wuce om 0.4. Jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5, irin wanda masu wayarin ke ja wa fitilu, zai kai mita 17 kafin ya ƙetare wannan iyaka. Mai 2.5, na soket, zai kai kusan mita 29. Siririyar nan mai 0.5, ja da baƙi, da aka fi miƙo wa mai saye idan bai ce komai ba, ko mita 6 ba ta kaiwa. Idan lasifikar mai om 4 ce sai a raba duka biyu, haka ma idan aka jera masu om 8 guda biyu a kan baki ɗaya, domin sun koma om 4. A lura kuma da kayan sautin falo da ake sayarwa saiti guda, masu ƙananan lasifikoki biyar da wufa: da yawansu om 3 ne ko 4, a duba bayan akwatin, an rubuta. Mutumin da ya ja siririyar waya mita 20 zuwa lasifika mai om 4 ya zubar da kusan rubu'in ƙarfin amfilifayarsa a hanya, kuma ganga ba za ta fito tsaf ba, don amfilifaya ta daina riƙe faifan lasifikar da kyau. Maganin duk wannan ƙarin kauri ne kawai, abin da kuɗi kaɗan ke saye. Gurnanin wayar sigina kuwa ba ya jin maganin kauri. Shi ya sa nake cewa a kwashe tsawon a kai shi inda ake da maganinsa a hannu.

A wurin saye ne ake bukatar ido. Kasuwa ta cika da waya mai kama da jan ƙarfe alhali alminiyom ce aka yi wa fenti da shi, kuma alminiyom kashi 61 cikin 100 kacal yake ɗauka na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa a bakin maɗauri. A karɓi guntu, a feɗe robar, a kankare zare ɗaya da reza. Idan cikin ya fito fari, ba jan ƙarfe ba ne. Ko a kunna masa ashana: na gaskiya zai yi ja ya tsaya a miƙe, na jabu zai lanƙwashe ya marmashe. Kaurin roba ma ba hujja ba ne, zaren ciki ake dubawa, domin akwai mai ƙiba a waje kamar ɗan yatsa, cikinta 'yan zare bakwai. Wani zai ce ai wayar wuta ba ta sauti ba ce. Lantarki bai san abin da aka rubuta a jikin roba ba. Waya mai laushi mai zare da yawa, ta murabba'in milimita 1.5 ko 2.5, daga kamfanonin cikin gida irin su Nocaco na Kaduna ko Cutix na Nnewi, tana yin aikin lasifika sarai. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada a taɓa sa mata filogin wuta a baki don sauƙin cirewa, saboda wata rana wani yaro zai soka shi a bango.

Masu sana'ar sauti za su yi gardama a nan, kuma suna da hujja. Za su ce a filin biki ko wa'azi suna jan wayar makirufo mita hamsin, siginar makirufo kuma ta fi ta dikoda rauni nesa ba kusa ba, amma ba a jin komai. Haka ne, sai dai ba irin wayar nan suke ja ba. Tasu mai kai zagaye ce mai ƙafa uku, XLR, kuma a cikinta zare biyu ne a murɗe da juna, sulke na uku a waje. Zare ɗaya yana ɗaukar sigina yadda take, ɗayan yana ɗaukar ta a juye. Duk hayaniyar da ta faɗo a hanya tana faɗa wa su biyun daidai wa daida, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai take ɗauka, sai hayaniyar ta kashe kanta. Sulken nan kariya kaɗai yake yi, sigina ba ta bin sa. Dabarar murɗa zare biyu ta girmi rediyo ma, Alexander Graham Bell ya yi mata rajista a 1881 don layukan tarho. To wanda kayansa ke da XLR a mafita da mashiga, ko yake da lasifikoki masu amfilifaya a cikinsu irin na situdiyo, shi ne ya cika sharaɗin juya ƙa'ida: ya ja doguwar wayar sigina, ya ajiye amfilifaya gindin lasifika. Amma a yi hattara da wata yaudara da ake sayarwa, waya mai kan RCA a gefe guda da XLR a ɗaya gefen. Sauya kai ba ya sauya abin da ke gudana a ciki. Siginar da ta fito daga RCA tana nan da rauninta ko da wane kai aka sa mata.

Idan tsarin gida ya tilasta, misali talabijin na manne a bango ɗaya amfilifaya kuma ba ta da wurin zama sai can wani lungu, akwai mafita. Mita uku zuwa biyar wayar RCA mai sulke saƙaƙƙe na jan ƙarfe tana iya ɗauka, muddin na'urorin biyu daga soket ɗaya suke shan wuta, ko da za a ja wa ɗayar doguwar wayar wuta. In talabijin da amfilifaya suna da ramin haske, wanda kamfanin Toshiba ya fito da shi a 1983, shi ya fi komai, domin haske ne ke bi ta cikin zaren roba, babu ƙarfen da gurnani zai bi, kuma yana kai mita biyar zuwa goma. In tazarar ta wuce haka, sai a nemi ƙananan akwatuna biyu masu tiransifoma a ciki, ɗaya a kowane ƙarshe, a haɗa su da wayar intanet ta Cat6, wadda zarenta a murɗe suke tun daga kamfani kuma ana samun ta a duk shagon kayan kwamfuta da ke bakin titin Samaru. Tiransifomar tana raba ƙasan na'urorin biyu, tana kuma mayar da siginar irin ta masu biki.

Sai batun waya mai tsada, mai kawunan zinare da kwali mai sheƙi. Ruwan zinaren yana da amfani guda, ba ya tsatsa, kuma wannan ba abin rainawa ba ne a garin da damina ke jiƙa komai sannan ƙurar hunturu ta bi ta toshe. Bayan haka babu wani sirri. Wayar RCA ta dubu hamsin da ta dubu biyu duk zare ɗaya ne da sulke, kuma idan ƙasan soket biyu ya bambanta duk za su yi gurnani. Haka nan maganar cewa dole wayar dama da ta hagu su zo tsawo ɗaya don kada sauti ya riga juna isa. Sigina tana tafiya cikin waya da gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, sauti kuwa a iska mita 343 yake yi. Mai sauraro ya gyara zama, kansa ya matsa da santimita ɗaya, ya jawo jinkirin da ya ninka na bambancin mita biyar na waya sau dubu. A yanka kowace daidai bukatarta, in dai kaurin ya isa wa mai tsawon.

Matasa kuma za su ce duk wannan wahalar ta mece ce ga Bluetooth. Don sauraron waƙa daga wayar hannu a cikin ɗaki, babu laifi, ya ma kawar da zancen gurnani gaba ɗaya. Amma iyakarsa wajen mita goma ce a fili, bangon bulo biyu sun isa su sa shi tsinkewa, kuma yana da ɗan jinkiri da ke sa bakin mai magana a talabijin ya riga muryarsa. A gidan kallo wannan abin faɗa ne.

Idan tazara ta haura mita talatin, kamar daga ɗakin liman zuwa kan hasumiya, ko daga falo zuwa ƙarshen babban gida mai sassa da yawa, sayen jan ƙarfe mai kauri ya zama asara. Nan ne tsarin bolt 100 ke shigowa, wanda amfilifayoyin masallaci irin na Ahuja da TOA ke da bakinsa a baya. Amfilifayar tana ɗaga bolt ɗin, kowace lasifika kuma tana da 'yar tiransifomarta mai sauke shi. Ƙaho mai wat 30 a wannan tsari juriyarsa ta haura om 300, don haka mita ɗari na waya mai 1.5, wadda juriyarta ba ta kai om biyu da rabi ba, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ta ci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗaura lasifika marar tiransifoma a bakin bolt 100, sai ta ƙone ko amfilifayar ta yi zafi ta mutu, a ce kaya ne jabu. Ingancin sautin bai kai na haɗin kai tsaye ba wajen ganga mai zurfi, amma ga karatu da magana ya wadatar.

Wajen shimfiɗawa, kada wayar sauti ta shiga bututu ɗaya da ta wuta, kada kuma su yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa. A bar taki ɗaya ko biyu tsakaninsu, in dole su haɗu su gitta juna. Wadda za ta bi ta silin a zura ta cikin bututun roba, don ɓera ba ya barin waya, wadda za ta bi waje kuma a raba ta da rana, mai busar da roba har ta tsage. In an yi ƙari, a lika shi da dalma a rufe da kyau, ba a murɗa a naɗe da leda ba, domin irin wannan ƙulli yakan yi kore a damina guda, sauti ya fara yankewa. A baki kuma a murɗe zaren tsaf, saboda silin zare guda da ya kauce ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya ƙona tiransistocin amfilifaya. Kafin a zura waya a yi wa zare ɗaya alama a ƙarshen biyu, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi. In alamar ta ɓace, a ɗauki batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi a taɓa wa bakin wayar a ɗan lokaci, wani ya tsaya gaban lasifikar: idan faifan ya turo waje, zaren da ke kan batirin shi ne ja. Lasifikoki biyu da aka haɗa a saɓe, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai ganga ta ɓace, mai gida ya yi ta murɗa maɓalli a banza. Duk wayar da ta fita waje ko ta hau rufi kuma a cire ta daga amfilifaya idan hadari ya haɗo, don aradu ba sai ta faɗa kan gida take ɓarna ba.

In an gama aka ji gurnani, kada a fara da sayen komai. A zare duk wayoyin sigina daga bayan amfilifaya a bar lasifikoki kaɗai. In ƙarar tana nan, amfilifayar ce ke bukatar mai gyara. In ta ɗauke, sai a riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta tona kanta. Sau da yawa wayar faranti ce, mai saukowa daga rufi zuwa dikodar DStv ko StarTimes, ko cajar kwamfuta, wadda da an zare ta daga bango tsuwar ke tsayawa. Za a samu mai ba da shawarar a karya ƙafa ta uku ta filogi. Ƙarar kan ɗauke kuwa, amma ƙafar nan ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa ranar da waya ta tsinke ta taɓa jikin na'ura, in babu ita jikin wanda ya taɓa ne zai zama hanyar. 'Yar tiransifomar rabawa a kan wayar sigina tana yin aikin ba tare da an sa ran kowa cikin haɗari ba, gyaran atin ɗin gida kuwa aikin mai wayarin ne na yini guda. Kuma kada a rufe silin ko a shafe bango sai an gwada kayan sau uku, da wutar gari, da janareto, da inbata, fanka da firji duk a kunne, domin haɗin da ya yi shiru a kan ɗaya yana iya yin kuka a kan ɗayan.